Manyan Rim a Ƙofar Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka je nema mini aure a Zungeru ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Yau ga furfura har a gira, amma da na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ni ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne a nan Minna, ina haya a Barkin Sale, ciki da falo. Zamanin da motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, suka fara cika gari ne, ni ma Allah ya hore mini wata 'yar ƙarama ruwan toka. Lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Laifinta ɗaya a idona, ƙafafunta. Wasu 'yan sirara ne na baƙin ƙarfe kamar na amalanke, in na ajiye ta kusa da motocin manya a ofis sai in ji kamar in ce ba tawa ba ce.

Yarinyar da nake nema kuwa, Rakiya, malamar firamare ce. Mahaifinta Malam Garba tsohon makaniken jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya ya zauna a Zungeru. Bai san fuskata ba, bai san motata ba, don in na je zance a bakin tasha nake ajiye ta, mu gaisa da Rakiya a gidan yayarta. Ana saura mako biyu manya su je, ta zaunar da ni ta ce, “Ka ga, mutum biyu Baba ya kora kafin kai. Ba ruwansa da abin hannun mutum, amma ba ya son 'yan burga. In ya ce a'a, wallahi ba mai sa shi ya sake.”

Na gyaɗa kai, na ce na gane sarai. (Washegari da sassafe ina Sabon Gari ina cinikin rim, wato ƙarfen ƙafar mota. Kun ga irin ganewar da na yi.)

Rim ne na alminiyam, masu ƙyalli kamar sabuwar samira, manya, masu faɗi, an cire su daga wata shirgegiyar mota da ta ninka tawa. Mai shagon, wani Emeka, ya ga idona ya tsaya a kansu sai ya matso. “Oga, idan ka saka wannan, mota naka ya zama sabo. Yarinya zai gan ka tun daga nesa.” Shi ke nan, ya gama da ni. Na kwasa har da tayoyinsu masu faɗi na nufi garejin Ndagi, makaniken da ke duba mini mota.

Ndagi ya kewaya su sau biyu, ya leƙa ƙarƙashin madigadi, ya gwada da tafin hannu, ya girgiza kai. “Wannan ƙafa ya fi ƙarfin mota naka. Ba wuri. In ka ɗauki kaya zai goga.”

Na ce, “Kai dai ɗaura. Kayan me zan ɗauka, ni ɗan dako ne?”

Ya ɗaura, yana yi yana tsaki. Da aka sauke jak kuwa, kai jama'a! Motar ta yi wani irin tsayuwa, ƙafafu sun ɗan leƙo waje, rana na dukansu. Na tsaya ina kallonta har Ndagi ya ce in matsa akwai mai jiran wuri.

Tun kafin in kai gida ta fara nuna mini hali. Sitiyarin da nake juyawa da yatsa biyu ya koma sai na sa ƙarfi. Duk wani tsagi da ke kan kwalta sai ta bi shi, in ja ta dama ta ce hagu take so. Ɗan ƙaramin rami in ta faɗa har a haƙorana nake ji. In na ɗan taka ta kuma sitiyari ya kama kyarma. Duk na ga wannan. Na ce wa kaina sabon abu ne, za su saba da juna.

To, kowa ya san wanda ake nema wa aure ba ya zuwa wurin. Manya ke tafiya, shi ya zauna gida yana jiran labari. Baffa Sule, ƙanen mahaifina, wanda zai jagoranci tafiyar, cewa ya yi za su hau tasi shi da abokansa biyu, Alhaji Isa da Alhaji Bawa. Ni na nace. Na ce ina da mota iyayena su shiga motar haya? Zan sauke su a bakin layi in koma tasha in jira, ba wanda zai gan ni. (Gaskiyar magana so nake Rakiya ta leƙo ta katanga ta hango ƙyallin nan, ko sau ɗaya.)

Abin da ban lissafa ba shi ne jikin mutanen nan. Baffa Sule ɗan kasuwar hatsi ne, in ya zauna a benci sai wanda ke ɗaya gefen ya riƙe wani abu. Abokan nasa ma ba baya ba. Aka sa goro da alawa a but, sannan Baffa ya ce tunda mota za ta, akwai buhu biyu na masara da zai aika wa wani abokin cinikinsa a can. Ina ji ina gani motar ta durƙusa.

Muna fita gari aka fara. Da mun hau ɗan tudu ko mun faɗa rami sai ka ji ƙurrr daga baya, taya na gogar madigadi. Can sai ƙauri ya cika motar.

Baffa ya buɗe hanci. “Wai wa ke ƙona roba ne?”

Na ce, “Manoma ne, Baffa, suna ƙona shara.”

Wata tirela ta zo wucewa, na ɗan sauka gefen kwalta, motar ta fizge kamar an ja ta da igiya, na dawo da ita da kyar. Daga nan hira ta mutu. Alhaji Isa ya ciro carbi, Alhaji Bawa ya riƙe bayan kujerata da hannu biyu har muka shiga Zungeru. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini sabuwar shadda.

A bakin layin na tsaya kamar yadda aka shirya. Baffa ya leƙa ya ce gwiwarsa ba za ta kai shi ba, in ɗan ƙara gaba. Na ɗan ƙara. Ya ce in ƙara. Kafin in ankara ga mu a ƙofar gidan, an shimfiɗa tabarmi, dattawa biyar a zaune, a tsakiyarsu wani siririn tsoho mai farin gemu da tabarau. Ba sai an gaya mini ko wane ne ba, hancin Rakiya ne sak. Na ja hula har gira, na sunkuyar da kai.

Aka gaisa, aka sauke goro. Wani daga cikinsu ya ce, “Shi ma mai tuƙin ya sauko ya sha ruwa mana.”

Baffa, don ya rufa mini asiri, ya yi caraf ya ce, “A'a, ƙyale shi, direba ne, sauri yake.”

Na ji sanyi a raina. Saura in juya in ɓace. Sai dai layin ba ya ɓullewa, kuma matsattse ne, ga kwata a gefe. Na yi baya, na murɗa sitiyari har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba tunda aka ɗaura rim ɗin. Tayar gaba ta cije da bakin madigadi, motar ta ƙi motsi. Mai hankali sai ya saki sitiyarin ya sake dabara. Ni kuwa da na ga idanu goma sha shida a kaina, sai na taka totur.

Fas! Taya ta fashe. Motar ta yi tsalle, ƙafa ɗaya ta zurma kwata, hancinta ya daki randar da aka ajiye a ƙofar gida don masu wucewa. Randa ta rabe biyu, ruwa ya malale har kan tabarmi, dattawa suka miƙe suna tattare riguna suna salati. Wallahi a lokacin da ƙasa za ta buɗe, da da motar zan shige.

Malam Garba bai yi salati ba, bai ɗaga murya ba. Ya naɗe hannun riga, ya tako, ya tsuguna gaban tayar. Ya shafa inda ƙarfe ya yanka ta, ya leƙa ta baya ya ga inda ta cinye fenti, ya ƙwanƙwasa rim ɗin da ɗan yatsa. Sannan ya ɗago.

“Malam direba, sauko.”

Na sauko.

“Wannan ba laifinka ba ne, kar ka damu. Ko wa aka ba motar nan haka za ta yi masa. Ni dai gaya mini, wane sakaran ne mai ita? Wa ya ɗaura wa wannan 'yar abu ƙafar da ba tata ba, ya ɗebo dattawa ya sa a ciki?”

Na saci kallon Baffa. Yana bayan tsohon yana ƙifta mini ido, yana girgiza kai. Hanya a buɗe take, in ce maigidana ne a Minna, a zage shi tare da ni, a wuce wurin. Amma sai na tuna cewa in Allah ya sa aka ba ni, wannan fuskar dai zan kawo in durƙusa gabansa in gaishe shi. Ranar me zan ce?

Na cire hula, na tsuguna cikin ruwan randa. “Baba, ni ne.”

“Kai ne wa?”

“Ni ne mai motar. Ni na sa aka ɗaura, makanike ya hana ni na ƙi ji.” Na ɗago na dube shi. “Kuma ni ne wanda aka zo dominsa.”

Daga cikin gida na ji wata mace ta ce “Na shiga uku,” na kuma gane muryar. Baffa ya dafe kai.

Tsohon ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya ce, “Kana da safaya?” Na ce akwai. “To sauke masarar nan, ka kafa jak, ka sa dutse a bayan taya. In ka zo ɗaure noti kar ka bi su a jere, ka riƙa tsallakawa.” Ya juya ga baƙinsa ya ce su shiga zaure tunda waje ya jiƙe.

Haka aka bar ni a rana, shadda duk taɓo, ina fama da sifana, ana maganar aurena taku biyar daga inda nake. Na riga na sallama. Ina ɗaure noti na uku sai na ji muryarsa ta fito daga zaure, a fili, kamar da gangan ya ɗaga ta.

“Alhaji Sule, yaronku akwai wauta, wannan kam mun gani da idonmu. Amma ni rayuwata duk a gyara ta ƙare, abin da ya nuna inda ya lalace bai taɓa ba ni tsoro ba. Da ya bar ni a kan direba ne, da yanzu kun ɗauki goronku. Na ba shi. Sai dai 'yata ba za ta shiga motar nan ba sai an mayar mata da ƙafafunta. Kuma ya kawo randa.”

Aka shafa fatiha, ni ma na shafa daga waje da hannu duk baƙin mai. Ban san hawaye nake ba sai da na ji gishiri a bakina.

Manyan nan uku a tasi suka koma, ba wanda ya ko kalli inda nake. Ni kaɗai na lallaɓo Minna, ƙafa uku manya ɗaya ƙarama, motar na tafiya a karkace.

Abin da na koya ba shi da yawa. In makanike ya girgiza kai, ka tsaya ka ji dalili. In kuma manya suka ce za su hau tasi su je nema maka aure, don Allah ka raka su tasha ka koma gida. Malam Garba kuwa, Allah ya jiƙansa, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, amma har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba. In na je gaisuwa sai ya leƙa cikin gida ya ce, “Rakiya, kawo ruwa, ga direba ya iso.”