Tukunyar da Na Yi wa Hajiya Alkawari

Akwai ranar da ko na tsufa na zubar da haƙora ba za ta fita raina ba. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ne, Katsina ta cika da tarukan siyasa, kuma duk taro sai an ci shinkafa. Lokacin na gama makarantar fasaha, na buɗe 'yar rumfar zubin tukwane a Ƙofar Kwaya, ina narka tsofaffin fistin na mota. Ina kuma neman auren Binta a Kambarawa.

Mahaifiyarta, Hajiya Mairo, ita ke dafa abincin tarukan nan, kuma ba ta yi na'am da ni ba. Wata rana na ji tana ƙorafin tukwanenta na tsagewa, sai bakina ya riga hankalina.

"Hajiya, ni zan zuba maki wadda ba ta fashewa."

Har da darasi na yi mata (Allah Ya yafe mini). Na ce fistin alminiyum ne haɗe da silikon, in ya narke ya daskare ƙwayoyi yake yi a ciki. In ƙwayoyin manya ne ƙarfen ba ya da ƙwari, in ƙanana ne sai su riƙe juna gam, kamar tuwon gari mai laushi da na tsaki. Ɗan guntun wani ƙarfe, taitaniyam, ake jefawa cikin narkakken ya ƙanƙanta su. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, in an jefa ba a daɗewa, sai a juya a zuba, in ba haka ba ya kwanta a ƙasa.

Ranar zubi, na jefa guntun ke nan sai ga sallama. Alhaji Sani ne, wan mahaifin Binta, ya zo ganin inda yaron da ke neman 'yarsu yake aiki. Na zube na durƙusa.

"Lahiya lau? Ya aiki? Ya mutan gida? Ya Malam babanka, ƙahwar tashi ta yi sauƙi?"

Na amsa. Ya sake ɗaukowa daga farko. Daga nan ya shiga labarin takarar kansila da aka yi masa murɗiya. Ƙarfe na kan wuta yana ta zafi, ni ina "ƙwarai kuwa, Alhaji", zuciyata na cikin murhu. Wa zai miƙe surukinsa na magana? Da ya tafi, don ruɗewa ko juyawa ban yi ba na zuba.

Tukunya ta fito tana ƙyalli, sai na manta da komai. Na ɗora ta a babur har Kambarawa, na tarar da tsakar gida cike da mata masu aikin abinci, Binta na leƙe ta taga. Da na ajiye na tafi, da an rabu lafiya. Amma ina! Na ce a miƙo mini taɓarya.

"Ku matsa, ku ga aikin ilimi."

Na ɗaga na maka wa tukunyar. Ƙwal! Kunnen tukunya ya yi tsalle ya faɗa cikin kwandon albasa, tsaga ta bi gefe har gindi. Hajiya ta ɗauki kunnen, ta duba karayar, ƙwayoyi ɓaro-ɓaro suna walƙiya.

"Injiniya, wanga ai tsakin ne ka kawo mani."

Mata suka kwashe da dariya har da guɗa. Tagar Binta ta rufe. Wallahi na so ƙasa ta tsage kamar tukunyar, na bar taɓarya a tsaye na fita ko sallama babu, na tura babur har bakin titi kafin na tuna ana tayar da shi.

Na haƙura da auren a raina. Ashe Alhaji Sani ya tara dangi ya ce bai taɓa ganin yaro mai ladabi irina ba, ya yi ta magana ban ko motsa ba, don haka shi ya ba ni. Hajiya ta ce ta yarda, amma kada a kuskura a sa tukunyata cikin kayan ɗaki.

Yanzu in ƙarfe na wuta, ko gwamna ne sai ya jira. Kuma duk tukunyar da zan yi wa kirari, sai na fara rufe ƙofa na buge ta ni kaɗai.