Tankin da ya kai Surajo jami'a

Jama'a, yau da yagaggen wando na dawo gida, kuma ba faɗa na yi ba. Neman ilimi ne ya jawo mini.

Surajo, ɗan ƙanwata, yana neman digiri na biyu a fannin injiniyan gine-gine da muhalli. Jami'ar ta ce za ta yi masa tambayoyi ta waya, ana ganin juna. To mu a unguwarmu, can bakin Mafara ta hanyar Bakura, sabis ba ya sauka ƙasa. Wuri ɗaya yake zama: saman tankin ruwan da Mai Girma Uban Ayyuka ya gina mana.

Allah ya saka wa Mai Girma. Ranar buɗe tankin an yi kiɗa, an murɗa famfo, ruwa ya zubo, mun tafa. Da la'asar motar da ta kawo ruwan ta koma inda ta fito. Tun ranar ko ƙadangare bai jiƙa ƙafa a ciki ba.

Muka hau, Surajo da kwat, ni da lema. A tsani na bar rabin wandona.

Wata farfesa ta bayyana a wayar. "Me kake son bincike a kai?"

Yaron da ya yi kwanaki yana hadda ya daskare. Can iska ta bugi tankin, shi kuwa tankin ya amsa kamar ganga.

"Ƙarar mene ne wannan?"

"Tankin ruwanmu ne, ranki ya daɗe."

"Ina rijiyarsa?"

"Ba a haƙa ba."

"Bututun fa?"

"A gindin darbejiya ya ƙare."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya zayyana mata yadda ruwan madatsar Bakolori ke shayar da albasa kusa da mu, alhali gidajenmu na jiran 'yan garuwa. Ta cire tabarau ta ce, "Ka samu abin bincike. Sauko a hankali, da ranka muke son ka."

Muna sauka muka tarar da maƙwabcina Falalu, wanda ko atishawa Mai Girma ya yi sai ya tafa.

"Kun gani ko? Kuna ta cewa tankin ga bai da amfani, ga shi ya hidda injiniya!"

"Ruwan fa, Falalu?"

"Haba Malam, ka cika gaggawa. Ilimi munka fara kawowa."

Na yarda. Roƙona ɗaya ga Mai Girma: in za a gina mana asibitin da aka yi alkawari, a yi shi da tsawo. Ko babu magani, mu samu sabis mu kira dangi mu yi bankwana.