Igiyar Ƙofar Halmoni

"Ka ci shinkafa kuwa? A'a, tsaya nan! Kada ƙafarka ta ƙetare igiyar nan."

Dong-ha ya tsaya cak a kan hanya, jaka a hannu, takunkumi a fuska. A ƙofar gidan kakarsa Gap-sun, wadda yake kira Halmoni, an ɗaura igiyar karan shinkafa daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, an soke ta da gawayi da busasshen barkono. Tsohuwar tana zaune a dandamalin katako na gaban ɗaki tana tsince ƙananan kifi, wuyanta naɗe da mayafi, ko da yake ranar ba sanyi. Tun da ta ji kukan jirgin ruwan safe ta san wanda ya sauka, ta kuma san abin da ya kawo shi tsibirin. Kafin a janye Nas Yun zuwa babban gari saboda annoba, ta taɓa ƙullin da ke wuyan Gap-sun, ta ce sai an yi aiki, kuma ba aikin ɗakin shan maganin ƙauye ba ne.

Ya ajiye jakar, ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa a nan kan hanya.

"Halmoni, barka. Ashe haihuwa kika yi ba a gaya mana ba?"

"Haihuwar uwa! Wa ya ce maka?"

"Ga barkono a igiya. Ɗa namiji ke nan. Ina ƙanin babana? A fito da shi in gaishe shi."

"Ji bakinsa, kwikwiyon banza. Igiyar korar cuta ce. Haka uwata ta ɗaura shekarar da amai da gudawa suka shigo tsibirin nan, ko mutum ɗaya bai mutu a gidanmu ba."

"Ita ma da barkono?"

Gap-sun ta dubi igiyar. Hannunta ne ya soka barkonon da kansa, ba ta ma lura ba. Rabon da ta ɗaura igiya a ƙofar nan tun ranar da aka haifi wannan mai tsayin banzan, a ɗakin da ke bayanta.

"Na tsoratar da mutanen Seoul ne," ta ce. "An ce ba ku iya cin yaji ba. Me ka riƙo mini?"

"Takunkumi. Tun kafin gari ya waye na bi layi, layin ya zagaye gini har ya haɗu da wutsiyarsa."

"Guda nawa?"

"Biyu."

"Biyu! Birni guda, mai jirgi a ƙarƙashin ƙasa, takunkumi biyu. Je ka kantin tsoho Pyo, suna nan jibge bayan buhun gishiri tun shekarar da aka yi feshin gonaki. Ba mai saye."

"Kantin Pyo? Na biya ta can yanzu. Taliyar da na bari a kan kantarsa ina ɗan makaranta tana nan, har ta gane ni."

"Ai shi ya sa ba ma rasa komai. Mu ba ma wawason kaya kamar an yi gobara. Ku kuwa an ce har maganin wanke hannu kun kwashe."

"Amma mu in ka danna waya da yamma, kafin ka tashi barci kaya suna bakin ƙofa. Ke fa? In jirgi bai zo ba, ko ƙwai sai kin roƙi kaza."

"Ni da kazata muna ganin fuskar juna. Kai ka taɓa ganin wanda ke ajiye maka kayan? Da can motar kaya in ta sauko daga jirgi, da kiɗa take zuwa. Mata su fito da kwanuka, a sayi allura, a sayi tukunya, a ji wa ya yi aure a ƙetare. Kai kuma kana bin ta a guje ba wando, kana kukan alewa."

"Da wando."

"Ba wando. Ni na wanke ka, ni zan faɗa."

Ya yi dariya a cikin takunkumi, har tabaransa ya yi hazo. Ya cire ya goge, ya mayar, sannan ya dubi mayafin da ke wuyanta. Ta sunkuyar da kai kan kifinta.

"Halmoni, an ba mu rana a asibiti. Jirgin yamma za mu bi."

"Mu wa? Kai da wa?"

"Ni da wata tsohuwa mai taurin kai."

"Gaishe ta. Ni ina da likita."

"Wane likita? Ɗakin shan magani a kulle yake, na gani. Akuya ce kwance a ƙofar."

"Akuyar ta fi likitocinku sanin mutane. Nas Yun ba ta taɓa tambayata sunana ba. Da tafiyata take gane jinina ya hau. In ta zo awo ta zauna nan ta ci dankali, ta tafi da kabewa. Naku fa? An ce yanzu cikin farar leda suke tun daga kai har ƙafa, ba ka san ko mutum ne ko madugun aljanu ba."

"Madugun aljanun ya iya cire ƙulli. Akuya ba ta iya ba."

"Ƙullin nan ba ya cin abincin kowa. Tare muke zaune lafiya."

"Muryarki ta dushe."

"Zaginka ne ya dusar da ita."

Daga gangare ana jin ruwa yana dukan duwatsu. Gap-sun ta ɗaga ido ta dubi gidan da ke ƙetaren katanga, wanda ciyawa ta fara cinye tsakar gidansa.

"Mal-sun ta gidan can ma jirgin yamma ta bi zuwa asibiti," ta ce a hankali. "Da ƙafarta ta hau. Ta ce in duba mata tulunan miya kafin ta dawo. Cutar ta same ta a can. Ba wanda aka bari ya shiga wurinta, ko 'yarta. A cikin akwati ɗan ƙarami aka dawo da tokar gawarta, ba zaman makoki, ba wanda ya ga fuskarta. Tun muna 'yan mata muke tsintar kawa a bakin teku tare."

Dong-ha ya zauna kan jakarsa a bakin hanya.

"To ni wa ya ce miki ke kaɗai za ki shiga?" ya ce can. "Ɓangarenku dabam ne da na masu annoba. Kuma suna barin mai jinya ɗaya. A yi masa gwajin cutar, a rufe ƙofa da shi, ba fita sai ranar sallama. Na riga na ba da sunana."

"Kai? Aikinka fa?"

"Gidan abincin da nake aiki a rufe yake. Ba mai cin girkina sai ke, ke ma don ba ki da yadda za ki yi."

"A ina za ka kwana?"

"Ɗan gadon nan da ake jawowa daga ƙarƙashin na majinyaci."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Ta san gadon. Ta taɓa kwana a kansa lokacin sanyi guda, a asibitin ƙetare, shekarar da ƙirjin Dong-ha ya cushe yana yaro, uwarsa tana aiki a birni.

"Ba zai ɗauke ka ba," ta ce. "Ni ma da ƙyar ya ɗauke ni. Ƙafafunka za su leƙa har waje, likita ya yi tuntuɓe."

"Sai in naɗe su."

"Kuma kana minshari kamar injin jirgi."

"A wurinki na gada. Har daga bakin teku ake jin naki."

"Ƙarya kake, ɗan banza!"

"A tambayi Pyo."

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tari ya kama ta. Ta ture farantin kifin, ta dafa ginshiƙi ta tashi, ta shige ɗaki. Aka ji murfin tsohon akwati ya yi ƙara. Ta daɗe a ciki. Da ta fito tana rungume da wata rigar auduga mai kauri, ta marigayi mijinta, wadda yake sawa in zai fita teku da hunturu. Ta tako har bakin ƙofa, ta jefa masa ita, ta faɗa a kansa.

"Riƙe. Ƙasan asibiti sanyi gare shi da asuba, kai kuma ba ka da nama. In ka yi mini minshari, zan ce wa likita ban san ka ba, a hanya ka biyo ni."