Rasuwar Littafin Dodanni na Unguwar Dosa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yau bai bushe ba, Zaharaddeen na Unguwar Dosa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohon littafinsa na Turanci, mai labarin dodanni da mayaƙa, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da hantsi.

Yayan Zaharaddeen, Hamza, Allah ya jiƙansa, shi ya tsinto littafin wajen masu gwanjo a Kawo. Daga cikinsa ya ƙago wasan da ake yi duk Asabar a zaure: ya karanta, ya fassara, kowa ya ɗauki jarumi guda, a jefa ƙwayar lido ta yanke wanda zai tsira. Tun da Hamza ya kwanta dama, littafin nan kaɗai ya rage da shatin yatsunsa.

Littafin mai haƙuri ne. Ya sha shayi, ya sha miyar kuka, bai taɓa ɗaga murya ta wuce "ƙaras-ƙaras" ba. Ya daɗe yana fama da ciwon baya, ana ɗaure shi da salatif, amma ba wannan ne ajalinsa ba.

Goggo Harira ce ta zo daga Funtuwa. Tana shara ta ga dodo a bangon littafin, ga taswira mai karkataccen rubutu, ga 'yan mutum-mutumin laka a gwangwani. Nan take ta gano abin da ya hana ɗanta Zaharaddeen aure: sammu aka yi masa. Ta hura gawayi, ta zuba turare, ta cusa littafin cikin garwashin. Zaharaddeen ya dawo daga aiki ya tarar da ita tana murmushi, tana jiran godiya. Ya durƙusa ya gode mata, don ba a ɗaga wa uwa murya, sannan ya shige ɗaki ya yi kuka mai isarsa.

Marigayin ya rasu ya bar ƙwayar lido biyu, da abokan wasa Mubarak da Ladi, da jarumin Mubarak wanda aka bari a tsakiyar gada, dodo na gabansa.

Za a binne tokar ranar Asabar bayan la'asar, a gindin mangwaron tsakar gida. Ana karɓar gaisuwa a zaure, amma a rage murya, Goggo ba ta tafi ba tukuna. Masu niyyar kawo sabon kwafi, an gode, amma su bari. Sabon littafi bai san Hamza ba.