Yadda Ake Neman Aure da Bokiti a Ka

Kai da lissafi ya kayar tun firamare, kuma zuciyarka ta rasa wadda za ta so sai 'yar Orrimawa, matso kusa. Ni ce Gunnel, mai dafa wa sansanin nan miyar wake tun gashina yana baƙi. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan saƙonka zai isa, ba makawa. Ebbe direban bas ya bi su, shi da bakwai sau takwas ke sa shi gumi.

Mataki na 1: San inda ka jefa kanka

Orrimawa halittun wata duniya ne da Torbjörn, tsohon malamin lissafi, ya ƙirƙiro a ɗakin girkinsa. Duk shekara in sanyi ya sake mu, sai mu taru a dajin bakin tafki kusa da garin Växjö na ƙasar Sweden, mu shafa shuɗi a fuska, mu ɗinka hannu na uku na soso a ƙirji, mu zama su har ranar Lahadi. Babbar dokarsu: ba a magana sai da hujja. Ko cewa ka yi kofi ya huce, sai ka tabbatar. Wanda ya yi magana haka kawai, a kifa masa bokiti a ka, a kira shi Sifili, ya je ya zauna kan kututture. Sifili babu shi. Ba a ganinsa, ba a jinsa, sai an buga ƙararrawar abinci.

Kada ka yi dariya, akwai likitan haƙori a cikinmu.

Mataki na 2: Koyi gaisuwa, sannan ka tsuke bakinka

Da lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta ake gaisawa. In an ce maka "sha ɗaya", ka ce "sha uku", ka wuce da sauri kamar ana kiranka. Ebbe kuwa ya washe baki ya amsa wa Torbjörn da "sha biyar".

"Ɗan nan," in ji Torbjörn, "uku sau biyar fa? A duniyarmu uwata ka zaga."

Ga shi Torbjörn kawun Majken ne, yarinyar da Ebbe ya zo dominta. Ta samu aiki can Kiruna, ƙarshen arewa, kuma daga sansanin za ta wuce tashar jirgin ƙasa ranar Lahadi. Kada ka tambaye ni abin da ya hana shi faɗa mata a gari. Kunya ce, irin wadda ke ba ni haushi.

Mataki na 3: Kada ka nemi hujjar so

Kowane sabon shiga nan yake faɗawa. Ebbe ya tsaya gaban taro, ya zana layuka a yashi, ya ce, "Duk ranar da Majken ta shiga bas ɗina, sai na wuce tasha ban tsaya ba."

Torbjörn ya shafa gemu. "An karɓa. Ka tabbatar ba ka iya tuƙi ba."

Da aka zo rabon burodin kirfa, wanda Orrimawa ke aunawa daidai wa daida, ya miƙa mata nasa kason duka. Aka ce ya tabbatar bai iya rabo ba. Majken dai ta cinye abinta. Yarinyar da tun da take zuwa sansanin bokiti bai taɓa hawa kanta ba, da ita kawunta yake cika baki.

Mataki na 4: Je ka wanke wa mai girki tukwane

Masu ilimi sun san doka, mai girki ta san inda dokar take yoyo. Ebbe ya same ni a madafa, hannun sosonsa ya jiƙe sharkaf.

"Inna Gunnel, gobe za ta tafi. Na shiga uku."

"Uku dai ba ta rabuwa, ka fara koyo. Kankare gindin tukunyar nan. A sansanin nan, wa doka ba ta jin maganarsa?"

Ya daɗe yana kankara kafin ya ɗago.

Mataki na 5: Jawo wa kanka bokiti, a gabanta

Ba a ɓoye ba, ba da raɗa ba. Lahadi da safe, kowa riƙe da kofinsa, Ebbe ya miƙe tsaye.

"Majken, ina sonki."

"Hujja?" in ji Torbjörn.

"Babu."

Kwaram! Bokiti. Aka ja shi zuwa kututture.

Mataki na 6: Zauna ka jira

Wannan ne mai wuyar, kuma ba ni da dabara a kansa. Yanzu babu kai. Ba ta da ikon amsa maka, sai in ta yarda ita ma ta zama babu. Ni kaina ludayi ya tsaya a hannuna.

Majken ta ajiye kofinta. "Kawu, gemun nan ya yi maka kyau."

Torbjörn ya dube ta, muryarsa ta yi ƙasa. "Hujja?"

"Haba Kawu, ina zan samo ta?"

Bokiti biyu kan kututture ɗaya, hannu cikin hannu, na gaskiyar ba na soso ba. A dokance ba wanda ya ji abin da suka faɗa. Amma bokitin ƙarfe amsa-kuwwa yake yi, sansanin duka ya ji, kowa ya duƙufa ƙirgen ganye kamar bai ji ba. Na ƙi buga ƙararrawa har miyata ta kama. Da na waiga, shuɗin fuskar Torbjörn yana gangarowa cikin gemunsa.

"Hayaƙi ne," ya ce.

Na ce, "Hujja?"

Da kansa ya je ya ɗauko bokiti.

Gargaɗi

Majken ta kama jirginta. Ebbe yanzu a Kiruna yake tuƙa bas, an ce har yau yana wuce tasha, ni kuma na rasa mai wanke min tukwane, abin yana min ciwo. In taka ta ƙi ɗaukar bokiti, ko sauro ya cinye ka, ko aka kifa maka wanda muke wanke kifi a ciki, kada ka nemo ni. Alkawarin da na yi maka a sama ba shi da hujja ko ta ƙwayar wake, saboda haka ni Sifili ce: ba ka gan ni ba, ba ka ji ni ba. Torbjörn, gusa min.