Hayaƙi a Na'urar Signe

"...lafiya lau nake, Mormor. Ke fa? Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta wata biyu da suka wuce. Cire takalmi, kar ka jiƙa min daɓe."

Asger ya cire takalman a bakin ƙofa, yana rungume da jaka a ƙirji. Tun safe ake yayyafi a garin Struer, ga shi a kan keke ya zo. Bodil, kakarsa ta wajen uwa da yake kira Mormor, ta dube shi sama da ƙasa ta cikin tabarau. Shekararta saba'in da tara, kuma tun yana rarrafe ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba.

"Me ka ƙunso? In wanki ne, uwarka tana da rai."

"Ba wanki ba ne."

"To abinci ka kawo min? Bari in zauna kar in faɗi."

Ya ɗora jakar a kan teburin kicin, ya ture baƙin burodi da tulun kofi gefe, ya fito da wata tsohuwar na'urar wasan bidiyo mai launin toka. Murfinta a buɗe yake, wayoyi sun yi cirko-cirko. Nan take ƙauri ya cika ɗakin.

Mormor ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Wa ya yi wannan ta'asar?"

"Wani abokina."

"Abokin naka da yatsa a ɗaure da bandeji, irin naka?"

Asger ya ɓoye hannu a aljihu, sannan ya sauke kai ya faɗi gaskiya. Na'urar ta Signe ce, wadda zai aura a watan Yuni. Ta gaje ta daga wanta Troels, ma'aikacin jirgin ruwa, wanda ya rasu tana 'yar shekara goma. A tafiyarsa ta ƙarshe ya sayo fayafayan wasa cike da kwali daga Japan, ya ce za su yi tare, amma na'urar ta ƙi karɓar faifan wata ƙasa sai an dasa mata wani ɗan mitsitsin abin lantarki da ake kira cif a ciki. Bai kai ga dasawa ba. Shi ne Asger ya yi odar cif ɗin a ɓoye, don ya ba ta mamaki.

"Ai kuwa za ta yi mamaki," in ji Mormor. "Yaushe za ta dawo?"

"A jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu, daga Aarhus."

"Yau?"

"Yau."

"Tabɗi! To ka je ka jira ta a tasha, jirgin na tsayawa ka shige, ka wuce abinka."

"Haba Mormor! Shekara talatin kika yi kina liƙa dalma a kamfanin rediyo. Ki duba min mana."

"Da ɗaya. Talatin da ɗaya. Kar ka cinye min shekara."

Ta jawo fitila, ta ɗauko madubin ƙara girma daga cikin kwandon saƙa, ta sunkuya a kan koren allon da ke cikin na'urar. Ta bi wayoyin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ta ɗago, bakinta a buɗe yake.

"Asger. Da me ka narka dalmar nan?"

"Da ƙarfen maƙwabcina."

"Me yake yi, maƙwabcin?"

"Gyaran famfo."

"Ƙarfen liƙa bututu! A kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba! Me ya hana ka ɗauko gatari? Dubi nan, ka zuba dalma kamar kana shafa man shanu a burodi. Kuma cif ɗin ma a juye ka sa shi. Ba ka ga ɗigon da ke gefe ba? Ƙafa ta ɗaya tana wajen ɗigon, ta biyar da ta shida su ke zuwa bayan allo. Wannan ƙirar ma mai sauƙi ce, waya takwas kawai. Da ka ga ta farko!"

Asger ya tsaya da kofin kofi a hannu. "Tsaya. Ta farko? Ina kika san ta farko?"

"Miƙo min hantsaki."

"Mormor, ina kika san cif?"

"A nan inda ka ɗora gwiwar hannunka na dasa sun fi ɗari. Kana cikin kunzugu lokacin, kana cika mana gida da ihu."

Kofin ya kusa suɓuce masa. "Ke? Ke da kike waƙa a coci ran Lahadi?"

"Ran Lahadi ke nan. Wannan aikin Asabar ne."

"Ƙarya kike, tsohuwa!"

"Kana tsammanin don ƙauna yaran layin nan suke share mana ƙanƙara duk hunturu? Ɗan fasto shi ya fara kawo na'urarsa in dasa mata. Sai 'ya'yan likita. Ɗan sandan unguwa ma ya zo da kansa, da kaki a jikinsa. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare, ya zo kama ni a kan dashen cif. Ashe ta 'yarsa ce a ƙarƙashin rigar ruwa."

"Morfar ya sani?"

"Kakanka ya mutu yana cewa yaran zamani akwai ladabi."

Asger ya zauna daɓas. Ya dubi teburin da ya ci abinci a kansa tun yana yaro kamar yau ya fara ganinsa. Kafin ya dawo hayyacinsa, tsohuwar ta sauko da rediyon marigayi daga kan kanta, wanda ko taɓa shi ba a bari jikoki su yi, ta kifa shi ta fara kwance bayansa.

"Kai! Rediyon Morfar ne fa!"

"Na sani, ni na haɗa shi. Ka ƙona fiyus, a nan akwai daidai shi. Kakanka ba ya sauraron labarai yanzu."

Ta fito da nata ƙarfen, siriri kamar alƙalami, ta jona shi. Da ya yi zafi ta ɗaga shi ta nufi allon. Sai bakin ƙarfen ya soma kaɗawa. Ta riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun, ya ci gaba da rawa. Ta gwada sau biyu, sannan ta ajiye shi a hankali. Asger ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarta, ya fasa.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun bara. In ka gaya wa uwarka sai na cire maka kunne." Ta tura masa ƙarfen. "Hannuna ya tafi, amma ido yana nan. Kai kuwa kana da hannu, kai ne babu. Matso."

"Ni? Ni ne fa na ƙona ta!"

"Da ba ni a kanka. Ɗora gwiwar hannu a tebur. Daina numfashi kamar saniya. Taɓa, ƙirga biyu, ɗaga. Na ce biyu! Wa ya koya maka ƙirga?"

"Ke."

"To na cuci kaina."

Sa'a biyu suka yi a haka. Suka kwashe dalmar da ya malala, suka canja fiyus, suka juya cif ɗin, suka bi wayoyi takwas ɗaya bayan ɗaya, tana zaginsa yana ramawa cikin haƙora. A waya ta bakwai ya ɗiga gumi a kan allon, ta ce ko kare ya fi shi tsabta, ya ce kare ba zai jure muryarta ba. Ƙarfe biyu da rabi suka rufe murfin, suka jona ta da talabijin ɗin falo. Asger ya sa faifai guda da ya ɗauko daga kwalin Troels, ya danna.

Fuskar talabijin ta tsaya baƙa ƙirin.

"Shi ke nan," ya ce. "Na kashe mata ita."

"Yi shiru. Saurara."

Can ciki faifan ya fara juyawa. Sai kiɗa ya tashi, rubutun Japan ya cika fuskar talabijin, motocin tsere suka jeru. Asger ya yi tsalle har kansa ya bugi fitilar rufi.

"Ta yi! Mormor, na gyara ta!"

"Ka gyara? Kai?" Ta tafi ɗakin kwana tana jan ƙafa, ta dawo da hannun wasa na biyu, wato abin da ake dannawa a sarrafa motar, wayarsa a nannaɗe. "Ɗan fasto ya manta shi, yanzu shi ma fasto ne, ba zai zo nema ba. Zauna in gani ko akwai abin da ka iya."

"Ki rufa wa kanki asiri, tsohuwa. Da wannan na girma."

Ta wuce shi a kwana ta farko. A zagaye na biyu ya daki katanga, a na uku motarsa ta kife tana hayaƙi, ita kuwa ta shige layin ƙarshe tana cin biskit da hannu ɗaya.

"Ba ki ma iya karanta rubutun ba!"

"Totur ba shi da yare. A sake?"

Aka sake. Aka kuma sakewa. Sau uku tana cinye shi, yana kallonta baki sake, har agogon bango ya buga uku da rabi.

"Na sallama," ya ce, ya ɗaga hannu biyu sama. "Ke ce uwar gida, ni ɗan kallo ne. Ba ni na'urar mutane in tafi tasha."

Mormor ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ta nannaɗe wayar hannun wasan, ta cusa masa a jaka tare da na'urar.

"Tafi da shi. Wasan nan na mutum biyu ne, kar ka bar yarinya ta yi shi ita kaɗai. Ka zauna kusa da ita, ka bari ta cinye ka."

"In bari?"

"Af, na manta. Ba sai ka bari ba."