Ƙarfen Gaba Yana Hannun Arzika

"Sannu da zuwa, Malam Azariya. Ya iyali? Ya ruwa?"

Azariya ya ji gaisuwar nan ta Arzika makaniki wani iri. Tun suna yawo ba wando, Arzika bai taɓa ce masa malam ba. Taubasai ne: uwar Arzika ƙanwar uban Azariya ce, aure ya kawo ta cikin Kafanchan ta musulunta. Gaisuwarsu ta kullum zagi ce, kuma duk cika-ciki Azariya kan kawo zakaran shara, ya ce ladan bawa ne, Arzika ya karɓe ya ce haraji ne. Amma tun rikicin addini na watan Maris Azariya bai sake taka garejin nan ba, Arzika kuma bai aika a duba shi ba. Ba faɗa suka yi ba. Kowa dai ya zauna a unguwarsu yana jiran ɗan'uwansa, har cika-ciki ta wuce ba zakara. A baki, mota ce ta kawo Azariya. A zuciya kuwa so yake ya ji ko har yanzu yana da taubashi.

"Lafiya lau, Malam Arzika," ya amsa, yana jin haushin bakinsa. "Motan ne yana ɗan damuna."

Motar ja ce, 'yar gajera mai kujera biyu, ya saye ta hannun wani Bature da suka yi aikin reluwe tare. Ba ta ɗaukar doya, ba ta ɗaukar suruka, amma Azariya ya fi son ta da barci.

"Me take yi?"

"In na sha kwana, sai ya jefa gindi. Ran Lahadi a kwanan Kagoro ya juya da ni. Na fita zan je coci, na tarar ina kallon gida."

Arzika bai yi dariya ba. Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai a waje. Azariya ya tsaya yana kallon faso a dunduniyarsa. Akwai wata tsohuwar tsokana da ta zo masa har bakin leɓe, irin wadda a da sukan yi kan salla da coci su yi ta ƙyaƙyatawa. Ya haɗiye ta. Bana ba a san inda magana za ta faɗi ba.

Can sai murya ta fito daga ƙasa.

"Wane jakin ne ya ɗaura mata ƙarfen baya shi kaɗai?"

"Wani makaniki a Samaru Kataf."

"Ba shi nake tambaya ba. Shi an biya shi. Jakin da ya kai masa nake nufi."

Azariya ya ji wani sanyi ya ratsa shi, irin na mai zazzaɓi da gumi ya karyo masa. Ya gyara tsayuwa.

"Ka ga bawa, yana kwance a ƙasa yana zagin ubangidansa."

"Ubangida mai kai kamar tukunyar burkutu, ciki fam da iska. Na gaya maka ko ban gaya maka ba, ƙarafan nan biyu tare suke tafiya?"

Ya gaya masa kuwa. Kafin rikicin, Arzika ya samo masa su a kasuwar Panteka, ƙarafa biyu masu kauri da makanikai ke kira sitabilaiza, na gaba da na baya. Ya ɗora masa na baya a kafaɗa ya ce ya kai gida, bawa ya saba da dako, sati mai zuwa a ɗaura su. Satin ne gari ya kama da wuta.

"Ai na ce rabi ya fi babu," in ji Azariya.

"A tuwo ne rabi ya fi babu." Arzika ya fito yana goge hannu. "Aikin ƙarfen nan ya riƙe ƙafar hagu da ta dama, in ka sha kwana kada mota ta kwanta gefe ɗaya. Kai ka sa mai kauri a baya, gaba ka bar mata tsohon nan siriri kamar tsinken tsire. Baya ya ƙage, gaba na lilo. Ba dole ta juya ba? Ni mamakina ma da ba ta zubar da kai ba, ta huta."

"Ya san mai shi. Ba kamar wasu ba, da Gwaggo ta goya har suka fara gemu."

"Ni aka goya? Kai da aka yaye ka da ƙyar, sai da aka shafa maɗaci, ka lashe ka ce a ƙara?"

"Ƙarya ne. Ni na koya maka keke."

"Ka koya mini faɗuwa. Har yau ga tabon."

Jirgin kaya ya yi kuka daga tasha. Arzika ya dubi titi, bai dubi Azariya ba.

"Inna ta yi ta tambaya. Na ce mata ka zama babban mutum, ba ka shiga unguwar talakawa."

"Baba ma ya tambaya. Na ce masa ka tafi Makka a ƙafa." Azariya ya sosa ƙeya. "Na zo har bakin kasuwa sau da yawa, Arzika. Sai in ce, in na shiga ya gaishe ni kamar baƙo fa?"

"Ai ka ga na yi."

"Na ji. Ya fi mari zafi."

"Ni ma da ka amsa, sai da na ji marin."

Arzika ya durƙusa ya jawo wani dogon abu daga ƙarƙashin benci, naɗe cikin buhu. Ya warware. Ƙarfen gaba ne, ko ɗigon tsatsa babu, giris ɗinsa sabo yana ƙyalli, har da robobin da za su riƙe shi an yanka an ɗaure a jiki.

"Wa yake shafa masa giris duk damina?"

"Ɓeraye. Garejin nan ɓerayenmu na da tarbiyya."

"Da ka sayar ai."

"Wa zai saya? Duk Kafanchan mutum ɗaya ne mahaukacin da ke hawan motar da akuya ke leƙa shi ta taga."

Sai wani kuka ya tashi daga but ɗin motar, a shaƙe, kamar na mai neman ceto. Arzika ya buɗe. Jan zakara ne, ƙafafu a ɗaure, ya sha kwana har ya gaji.

"Wannan fa?"

"Fasinja ne. Ya ce in sauke shi a gidan wani bawa."

"Haraji ya makara, kuma ya zo a rame. Na karɓa don darajar Kawu." Ya rungumi zakaran a hammata, ya nuna ƙarfen da haɓa. "Ɗauko ka riƙe mini, hannuna da kaya. In mun ɗaura, kwanar Kagoro za mu gwada ta. Daga can ka wuce da ni in gaida Kawu, tun kafin ya yarda na kai Makka."

Azariya ya sunkuya ya saɓi ƙarfen a kafaɗa, giris ya ɓata masa farar rigarsa ta coci. Arzika ya ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"To, yanzu tsakanin mai zakara da mai dako, wane ne bawa?"

Azariya ya yi dariya har ƙarfen na rawa a kafaɗarsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ni ne," ya ce. "Amma na yau kaɗai."